Lambar Wa Bodi Zai Ɗauka, Tasa Ko Ta Kan Da Ke Jansa?

Shekarun baya muna dawowa daga Abuja ni da wani kawuna, dab da Tafa, wata tanka ta zo wuce mu ta matse mu, gindinta ya shafi gefen motarmu ya tafi da madubi da rabin fentin ƙofa. Direban bai tsaya ba. Wataƙila ma bai san ya taɓa mu ba, don wanda ke zaune can gaba a cikin kai ba lallai ne ya ji ɓarnar da wutsiyarsa ta yi ba. Kawu ya ce, "Maza rubuta lambar." Na rubuta abin da na gani an zana da jan fenti a bayan tankin, ƙarƙashin wani hoton zaki da ƙura ta cinye rabinsa. Allah ya taimake mu muka tarar da motar a gaba, inda manyan motoci ke yada zango. Da muka zagaya gabanta sai muka ga lambar da ke jikin kan daban, wadda na rubuta daban. Direban ya sauko yana ba da haƙuri: "Alhaji, kan na maigidana ne, tankin kuwa na wani ne, shekaranjiya aka haɗa mu." Kawu ya juyo ya dube ni ya ce, "To ɗana, da ba mu cim masa ba fa? Wa za mu kai ƙara, mai kai ko mai tanki?"

Tambayar Kawu ta wuce Tafa. Ita ce ta raba kan masu tsara dokar hanya a Turai tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har yau bakinsu bai zo ɗaya ba. Abin da ake ja ba shi da inji, ba ya motsi sai an ja shi, ko bodin tirela ne mai ɗaukar tan 30, ko 'yar amalanken ƙarfe da magidanci ke ƙulla wa bayan motarsa ya kwashe sharar lambu. To wutsiyar mota ne, ko shi ma abin hawa ne mai cin gashin kansa? Amsar da ƙasa ta bayar ita ke yanke irin lambar da za a rataya masa. Kuma lamba guda ɗaya tambaya ɗaya take iya amsawa: ko ta gaya maka wanda ke ja a yanzu, ko ta gaya maka na wane ne abin da ake jan.

Birtaniya ta ce wutsiya ne. Dokarta ba ta da kwana-kwana: duk abin da kake ja sai ya ɗauki lamba iri ɗaya sak da ta motar da ke jansa, in kuma fiye da ɗaya kake ja, a bayan na ƙarshe za a maƙala ta. Ba a yarda ka yagi kwali ka rubuta da alƙalami ba, ko da unguwar gaba za ka. Sai dai allo irin na bayan mota, rawaya mai baƙin rubutu, mai ƙyalli idan fitila ta doke shi, wanda aka bugo a shagon da ke da rajista da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi ta ƙasar. Mai shagon kuma ba zai buga maka ba sai ka nuna shaidar ko kai wane ne, da takardar da ta nuna kana da haƙƙin amfani da wannan lamba. Da dare dole a samu fitilar da ke haska allon. Ƙa'idojin 2001 kan yadda ake nuna lambar mota su suka tsara wannan, kuma tarar nuna lamba ba bisa ƙa'ida ba tana iya kaiwa fam 1,000.

Ke nan a Ingila bodi ba shi da sunan da mai wucewa zai kira shi da shi. Sunan duk wanda ya ɗauko shi ranar yake amsawa. Ka je tashar jiragen ruwa irin ta Immingham, inda ake sauke bodi zalla ba tare da kai ba, za ka ga yadda abin yake. Direba zai yi ribas a hankali har kan ya shige ƙarƙashin bodin, ya ji ƙarar ƙugiya ta kama, ya ɗan ja gaba don ya tabbatar ta riƙe. Ya sauko ya hau bayan kan, ya jona tiyon iska ja da rawaya da wayar fitilu, ya murɗa ƙafafun bodin su naɗe sama. Sannan ya koma cikin kai ya ɗauko wani allon lamba mai kusurwa huɗu da yake ajiyewa gefen kujera, ya taka har ƙarshen bodin, ya zura shi cikin mariƙinsa. In ya kai kaya ya ajiye bodin, sai ya zare allonsa ya tafi da abinsa. Ranar da mantuwa ta kama shi ya bar shi a jiki, wani direban zai ja bodin da lambar da ba tasa ba, kuma duk takardar tarar da kyamara ta jawo, ofishin maigidan mai mantuwar za ta sauka.

Wannan tsari ba don lalaci aka yi shi ba. Da yawa daga kyamarorin kama masu gudu a Birtaniya daga baya suke ɗaukar hoto. Lambar da suka gani ita ake bi zuwa ga wanda aka yi wa motar rajista da sunansa, shi kuma sashe na 172 na dokar hanya ta 1988 ya tilasta masa faɗin wanda ke riƙe da sitiyari a wannan lokaci, in ya ƙi ma laifi ne mai zaman kansa. Daga lambar baya zuwa direba, taki biyu ne kacal. Da a can aka goge mu, lambar da na rubuta da ta kai mu har ƙofar maigidan direban ba tare da mun bi shi ba.

Sai dai a cire kan a ga. Bodin da aka jingine a gefen hanya ba kai, ba allo, ya zama maraya. Manyan bodi suna da sauƙi, don DVSA, hukumar da ke gwajin manyan motoci, tana ba kowannensu lambar shaida a wani ɗan allo da ke jikin shasi, kuma ana duba lafiyarsu duk shekara, amma wannan lamba ba wadda mai wucewa zai karanta daga nesa ba ce. Ƙananan kuwa, irin na ɗaukar doki ko kwale-kwale ko injin haƙa, gwamnati ba ta ma san yawansu ba, balle ta kira su gwajin birki. In an sace maka, ɓarawo ya rataya lambar motarsa ya wuce gaban ɗan sanda lafiya lau, komai nasa daidai da doka a ido. Satar ɗakunan kwana masu taya da Turawa ke ja zuwa hutu ta yi yawan da a 1992 masu ƙera su da kansu suka kafa tasu rajistar mai suna CRiS, suna zana lamba mai harufa da alƙaluma 17 a jikin tagogi. Inda hukuma ta bar giɓi, 'yan kasuwa suka cike da kansu.

Jamus ta bi ɗaya hanyar, ta bi ta har ƙarshe. A can bodi abin hawa ne. Yana da takardun rajistarsa, da lambarsa da ke ɗauke da harufan gundumar da aka yi masa rajista, da inshorarsa, da harajinsa, da ranar da zai je gwaji. Ko 'yar ƙaramar tirelar kwasar shara ce haka. Shi ya sa a manyan hanyoyin Jamus ba abin mamaki ba ne ka ga kai da lambar Hamburg yana jan bodi mai lambar Munich, ko ma kan Polan yana jan bodin Jamus. Tun da abin yana da takardunsa, hukuma tana iya yi masa hukunci shi kaɗai: mai jan tirela kilomita 80 a awa aka yarje masa, amma tirelar da aka duba tayoyinta da nauyinta ta cika sharaɗi ana ba ta tambarin da ke ba ta damar 100. A tsarin Ingila babu takardar da za a rubuta irin wannan izini a kai.

Akwai 'yan keɓe-keɓe, don ko Bajamushe ya san manomi ba zai yi layin rajista saboda kowace amalanken taki ba. Bodin gona da ba ya wuce kilomita 25 a awa ba ya buƙatar rajistar kansa. A liƙa masa tambarin 25, a rataya masa kwafin lambar ɗaya daga taraktocin gidan. Akwai kuma lamba mai koren rubutu, alamar an ɗauke wa abin haraji, wadda ake gani jikin tirelar dawakin wasa da wasu manyan bodi da ake biyan kuɗinsu ta hannun kan da ke jansu.

To ina Bajamushe ya bar tambayar Kawu? Ta fuskar kyamara ba shi da damuwa sosai, don dokarsu direba take bi, ba mai mota ba, saboda haka yawancin kyamarorinsu daga gaba suke ɗauka su kama fuska da lambar kai a lokaci guda. Amma mutumin da aka goge a hanya bayan mota yake gani. Zai rubuta lambar bodi, a bi ta a tarar da wani kamfanin haya da ke da ɗaruruwan bodi, kamfanin ya ce ai ba mu muke tuƙi ba. A nan gizo ke saƙar, kuma Jamus ta daɗe tana fama da shi.

Gyaran da ta yi a watan Agustan 2002 shi ne ta ɗora alhaki a kan mai bodi shi ma. Ɗaya daga dalilan da aka bayar shi ne wannan ɗin dai, cewa wanda aka yi wa ɓarna sau da yawa lambar bodi kaɗai ya iya gani. Daga nan ya zama yana da damar neman diyya a hannun mai kai ko mai bodi, duk wanda ya samu. Tsugune ba ta ƙare ba, don sai rigima ta koma tsakanin kamfanonin inshora biyu: in ɗaya ya biya, nawa zai karɓo daga ɗayan? A Oktoban 2010 babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta ce a raba biyu daidai. Masu bodi suka ga ta kansu, don direban da ba nasu ba zai yi ganganci, rabin asara ta faɗo kan inshorarsu, kuɗin da suke biya ya yi ta hawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a watan Yulin 2020 majalisa ta sake gyara dokar. Wanda aka yi wa ɓarna har yanzu yana iya kama ko wanne, amma tsakaninsu su biyu ɓangaren kai ne ke ɗauka, sai fa in bodin ne ya ƙara haɗarin, misali wani abu ya lalace a jikinsa. Shekara 18 ana wannan kai-kawo, duk saboda lambar da ke baya ba ta direba ba ce.

Sauran ƙasashen sun tsaya a tsakani, kowacce ta ja layinta a kan nauyi. Faransa ta ce in nauyin da aka yarje wa tirela da kayanta bai wuce kilo 500 ba, ta ɗauki lambar motar da ke janta. In ya wuce, sai ta samu takardar rajistarta da lambarta. Holan a kilo 750 ta ja nata layin, ta kuma bambanta da launi: ƙarama tana ɗaukar kwafin lambar mota a farin allo, babba tana da tata lambar a rawaya, inda ta bodin da ke hawa kan kai ke farawa da harafin O. Italiya ta daɗe tana rataya kwafin lambar kai, sai a 2013 ta daina buƙatar hakan ga sababbin bodi, ta ba su tasu mai farawa da X. Sifaniya ce ta ƙi zaɓa. Duk bodin da ya wuce kilo 750 yana da jan allo mai farawa da R wanda nasa ne har abada, a gefensa kuma ga lambar kan da ke jansa yau. Alluna biyu a baya, kowanne da tambayar da yake amsawa.

Wannan kilo 750 da ke ta dawowa ba da ka aka tsinto shi ba. Shi ne iyakar da ƙa'idar Turai ta yarda tirela ta yi tafiya ba tare da birkin kanta ba. Ƙasa da haka birkin mota ke tsayar da ita, ita ɗin jela ce da gaske. Sama da haka tana da birkinta da zai iya ci ko ya ƙi ci, wato tana da lafiyar da ya kamata wani ya riƙa dubawa, kuma ba a kiran abin da ba shi da suna zuwa gwaji.

Shi ne kuma adadin da ke cikin yarjejeniyar duniya. Akwai manyan yarjejeniyoyi biyu kan zirga-zirgar motoci tsakanin ƙasashe. Ta farko, wadda aka ƙulla a birnin Janeba a 1949, sassauci ta yi: ta ce tirelar ƙarshe ta nuna lambar motar da ke janta ko tata, duk wadda ƙasarta ta zaɓa. Ta biyu, ta birnin Biyana na Ostiriya, an sa mata hannu a Nuwamban 1968, ta fara aiki a 1977, ita kuma ta ɗaure. Sashe na 35 ya ce duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai an yi mata rajista kafin ta tsallaka iyaka. Sashe na 36 ya ce wadda ke da rajista ta nuna lambarta a baya, wadda ba ta da ita ta nuna ta motar da ke janta.

Birtaniya ta sa hannu a ta Biyana tun 1968 amma ta ƙi tabbatar da ita har shekara 50, tana tafiya da ta Janeba da kuma inuwar Tarayyar Turai. Ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar ta 2016 ce ta tono maganar. Jamus da wasu 'yan ƙasashe ba sa cikin yarjejeniyar 1949, saboda haka in an fita daga Tarayyar ba wata matsaya, babu tabbacin za a karɓi lasisin direban Ingila a can. Mafita ita ce shiga ta Biyana, kuma gwamnati ta tabbatar da ita a Maris ɗin 2018. An gudu ba a tsira ba, don yarjejeniyar da ta ceci lasisin ita ce ta ba sauran ƙasashe damar tare bodin da ba shi da rajista. Dole majalisa ta yi dokar rajistar tirela a shekarar, aka fara aiki da ita ranar 28 ga Maris 2019, kwana ɗaya kafin ranar da aka fara tsayarwa ta ficewa. Yadda aka faro tsarin, tirelar kasuwanci da ta wuce kilo 750, da kowace iri da ta wuce kilo 3,500, sai ta yi rajista da DVLA a kan fam 26 kafin ta shiga yawancin ƙasashen Turai. Ana ba ta farin allo mai baƙin rubutu, harafi ɗaya da alƙaluma 7, a rataya shi nesa da rawayan allon kai don kada a rikita su, in babu wuri a baya a sa a gefe da gefe. Wato bodin Ingila da ke hanyar Jamus ya wayi gari da alluna biyu, kamar na Sifaniya, alhali ɗan'uwansa da ba ya barin gida yana nan ba suna.

Lokacin da ake muhawarar wannan doka wata magana ta shigo wadda ta fi ta lasisi nauyi. A Janairun 2014, a unguwar Bedminster ta birnin Bristol, wata tirela mai nauyin tan 2 ta kwance daga motar da ke janta, ta hau gefen hanya ta kashe wani yaro ɗan shekara 3 da ke tafiya tare da mahaifiyarsa. Ba a ƙulla ta daidai ba ne. 'Yar majalisar yankin, Karin Smyth, ta ɗauki maganar, ta matsa har aka sa a cikin dokar 2018 cewa gwamnati ta binciki lafiyar tireloli ta kawo rahoto kan ko a wajabta rajista da gwaji a cikin gida. Rahoton ya fito a 2019. Jami'an da suka tare ƙananan tireloli a hanya sun tarar kusan rabinsu ba su cika ƙa'ida ba. Duk da haka aka yanke cewa ba a samu isasshiyar hujjar wajabtawa ba. A Disamban 2021 ma sai aka soke jarrabawar da mai lasisin ƙaramar mota ke yi kafin ya ja tirela mai nauyi har kilo 3,500, don a samar wa masu neman lasisin manyan motoci gurbi a lokacin da ake ƙarancin direbobi. A ganina nan Birtaniya ta yi sake. Gaskiya ne lamba ba ta ƙulla ƙugiya, kuma rajista ba za ta hana abin da ya faru a Bristol ba. Amma ƙasar da ta gano rabin abin da ta duba yana da matsala, ba ta kuma da jerin sunayen masu su, da me za ta kira su gyara?

Kada a ɗauka ba wa bodi lambarsa shi ne ƙarshen magana. A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma manyan bodi suna da lambarsu. Amma matafiyi a can zai lura da yawan bodin da ke ɗauke da lambar jihar Maine, 'yar jiha a ƙuryar arewa maso gabas, ko da a Texas ko Kalifoniya ya gan su. Yawancinsu ba su taɓa taka ƙasar Maine ba. Jihar ce ta yarda wanda ba mazauninta ba ya yi rajista ta hannun wakili, da araha, na shekaru masu yawa a biya ɗaya, kuma ba ta neman a kawo bodin gwaji. Lambar tana nuna mai shi, amma ba ta gaya maka inda bodin ke kwana ko wanda ya taɓa leƙa birkinsa. Rajistar da ba gwaji a bayanta kuɗin shiga ne kawai.

Mu nan ba 'yan kallo ba ne a wannan magana. Nijar ta shiga yarjejeniyar Biyana tun 1975, Najeriya ta bi sahu a 2018, saboda haka motar da ta ɗauko kaya daga Kano ta bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Sakkwato ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, tana tafiya ne tsakanin ƙasashe biyu da suka amince da waɗancan sassa. Kuma a cikin sashe na 35 akwai wani sassauci da kamar don mu aka rubuta shi: kai da bodin da aka yi wa rajista guda da takarda guda suna iya tsallaka iyaka a haka, muddin ba a raba su ba a tafiyar. Sharaɗin ke nan, kada a raba. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne kai da bodi auren zobe suka yi, inda ɗaya ya je nan ɗayan zai je.

Wanda ya san harkar ya san ba haka take ba. Kai ya lalace a Mararrabar Jos, a turo wani ya ja kayan. Mai tanki uku da kai ɗaya ya riƙa juya su. Mai kai ya ɗauki hayar bodi na wata guda lokacin kakar hatsi. Ga kuma bodi da tankunan da masu walda ke ƙerawa a gida, waɗanda ba su fito daga wata masana'antar da ta buga musu lambar shasi ba, ga na gwanjo da ake saukewa daga Turai, wani har da sunan kamfanin Holan ko Jamus bai goge daga jikin tamfal ba. Lambar Najeriya, tun sabon tsarin 2011, tana gaya maka abubuwa da yawa: harufa uku na farko ƙaramar hukuma ce, shuɗin rubutu motar gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da rumbun da ake duba lamba a ga motar da aka ba wa ita. Amma duk wannan yana amfani ne in lambar da ke bayan bodin tana da alaƙa da wani abu da ke kan hanya a ranar, ko kan ko bodin.

Da za a tambaye ni, ga ƙaramar tirela tsarin Ingila ya isa. Mutumin da ke jan janareto ko injin niƙa a bayan akori-kura, kwafin lambar motarsa ya wadatar, sa shi layin rajista wahalar da talaka ne ba riba. Amma bodin da ke ɗaukar buhun siminti 600 ko lita 33,000 ta fetur, wanda kan da ke jansa ke canzawa kamar riga, tsarin Sifaniya ne ya dace da shi. Allo ɗaya a ɗaure shi da ƙusa ya zauna har ranar da za a yanka bodin a sayar wa 'yan gwangwan, da lambar da aka buga a shasi mai dacewa da shi, ta yadda in birki ya ƙi ci ko tanki ya tsage za a san wanda ya ƙera da wanda ya mallaka. Ɗayan kuma mai zarewa, direba ya zo da shi ya tafi da shi. Kuɗin allo na biyu bai kai na taya ɗaya ba, a motar da ke tafiya kan tayoyi fiye da goma.

A Tafa dai ba a kai ga 'yan sanda ba. Wasu direbobi suka taru, wani dattijo cikinsu ya shiga tsakani, direban ya ciro kuɗin madubi daga kuɗin hanyarsa, Kawu ya yafe fentin. Muna shirin tafiya Kawu ya kira yaron motar, ya nuna masa jan rubutun da ke bayan tankin.

"Kai samari, wannan lambar ta wace mota ce?"

Yaron ya goge hannu da tsumma, ya ɗaga kai ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Baba, ai ta kan da ya fara jan tankin ce. An ce ya ƙone a hanyar Lakwaja tun kafin in fara bin mota."